Akushi da Kalmar da Na Fassara

Ko zan manta da komai na ƙuruciyar aurena, ba zan manta da shekara biyun da maigidana ya yi yana ƙera motar tsere a bayan gidanmu a Batsari ba, da abin da bakina ya jawo a ciki. Da ƙarar murfin langa abin ya fara. Ina kwashe tuwo da yamma sai murfin ya suɓuce mini, ya faɗi a daɓe, ya yi ta juyi yana kuwwa har ya je ya kwanta a ƙafar maigidan, wanda shigowarsa ke nan da wata takarda a hannu. Ya sunkuya ya ɗauka, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce wannan zai yi daidai da bakin kafiretar mota. Ban gane abin da yake nufi ba. Murfin dai daga ranar bai sake komawa kan langata ba.

Shi bakanike ne, kuma ko maƙiyinsa bai musa cewa yana da hannu ba. Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa ƙasa, ana ta fasa hanyoyi, motoci na ƙaruwa. A ranar wani Bature mai aikin hanya motarsa ta mutu kusa da Karare, aka zo aka ɗauki maigidana ya je ya tayar da ita. Baturen ya ji daɗin aikin, ya ba shi wannan takarda, ta wani tseren motoci da ake yi duk shekara daga wani birni mai nisa. Tafiyar kwana uku ce a kan hanyar burji da yashi da rafi, kuma gudu kaɗai ba ya ba mutum nasara, sai motar da ta jure ta kai ƙarshe.

Maigidana ya sauke Alƙur'ani, amma bokonsa bai wuce rubuta sunansa ba. Ni kuwa na gama sakandaren 'yan mata, shi ya sa yake tsokanata da Malama. Ya shimfiɗa tabarma ya ce in karanta masa. Ina jin kaina a ranar, ba zan ɓoye ba. Na riƙa bin sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya ina mayar da su Hausa: sai motar tana da takardun hawa titi kamar kowace mota, da lamba da fitila da hon da birki mai kyau, kuma sai mutum biyu a ciki. Sai na zo kan wata kalma da na sani tun a aji, wadda malamanmu kan faɗa idan aiki ya kai yadda ake so. Ban ko tsaya ba na ce masa an ce sai mota mai inganci.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Inganci? To ai da ni suke, Malama."

Sati bai zagayo ba aka janyo wata akori-kura da ta yi hatsari, aka ajiye ta a bayan gida ƙarƙashin darbejiya. Ya tuɓe ta har sai da ƙashin ƙarfen ya rage. Ya yanke tsawonta, ya sauke ta ƙasa-ƙasa, ya mayar da injin baya kaɗan don kada ta riƙa rinjaya gaba. Bodi kuwa da hannunsa ya buga. Tsohon turmina ya ɗauka, yakan ɗora fallen ƙarfe a bakinsa ya yi ta duka da guduma har ƙarfen ya lanƙwasa ya yi ciki. Daga an sallame azahar har a kira magariba wannan dukan ne a kunnena. Tuwonmu ya koma warin fetur. Baƙin mai ya kama rigunansa yadda sabulu ya daina yi musu komai, hannuwana suka tsage da wanki. 'Yarmu, wadda lokacin take shekara huɗu, ta koyi yin barcin rana a cikin ƙarar walda.

Da siffar motar ta fara fitowa, baƙa, gajera, mai doro, sai 'yan tasha suka sa mata suna Akushi, wai akushi ne aka kifa a kan tayoyi. Har cikin gidan suna mata kan tambaye ni ko an gama sassaƙa akushin, a kawo musu su zuba tuwo. In yi murmushi, in dawo gida da ciwon kai. Yayansa ya zo daga Darini sau biyu yana faɗa, gyaɗarsu na neman tsirowa a ƙasa ba a tone ba, shi yana nan yana dukan ƙarfe. Maigidana ya rame, wuyansa ya yi tsawo, amma ban taɓa ganin idonsa da haske kamar na wannan lokacin ba. Na gaji ƙwarai, amma ina son hasken nan.

Bayan shekara ɗaya da wata tara aka aiko da takardar da za a cike ta shiga tseren. Don kada in yi kuskure a rubutu sai na buɗe adakata na ciro ƙamus ɗin da na baro makaranta da shi. Na sake bin tsohuwar takardar a tsanake. A ƙarƙashin kalmar nan akwai wani ƙaramin rubutu da na tsallake ran farko saboda ɗoki. Ya bayyana abin da suke nufi: mota yadda kamfani ya ƙera ta, irin wadda ake sayarwa da yawa a kasuwa, ba a yanke ƙashinta ba, ba a sake mata jiki ba. Na karanta sau uku. A waje gudumar na ta sauka a kan turmina. Miyar da na ɗora ta ƙone ƙurmus ban ji ƙaurinta ba.

Ya kamata in tashi a take in je in faɗa masa. Na tashin ma, na kai har ƙofar baya. Na same shi durƙushe yana shafa gefen motar da tafin hannu, kamar yadda nake shafa bayan 'yata idan zazzaɓi ya sauka. Na tambaye shi ko in kawo ruwa, na koma.

Wata uku na yi da wannan magana a cikina, kuma ban taɓa gajiya irin ta watannin nan ba. Abinci ba ya shiga. In na yi sujada sai in rasa abin da zan roƙa. Allah ya yafe mini, na roƙi a fasa tseren a wannan shekarar. Da zai kai motar Katsina wurin jami'in da ke duba motoci kafin a ba su takardar hawa titi, na roƙi a ƙi ta, don laifin ya sauka a kan wani ba ni ba. Zuwan farko kuwa an ƙi ta, aka ce ba ta da abin share ruwa a gilashi, hon ɗinta kuma kamar kukan ɗan akuya. Na ji sanyi a raina, na kuma ji kunyar sanyin. Kwana huɗu ya gyara ya koma. Da la'asar ya dawo da lamba a gaba da baya, yana ta danna sabon hon tun daga bakin kasuwa. Yayan nasa da ke faɗa, da ya ga hatimin hukuma a takarda, da bakinsa ya ce shi zai zauna a kujera ta biyu. Na dafa shinkafa da zabuwa, na yi kukana a madafi na ce hayaƙi ne.

Ranar tafiya ta zo. Na soya nama, na daka daƙuwa, na ƙulle musu guzuri. An jera galan-galan na fetur a zaure, mutane sun fara taruwa a ƙofar gida, har da masu cewa Akushi. Ya shigo ɗaki ɗaukar hularsa, na ga idan na bar shi ya fita, a gaban baƙi a wani gari za a gaya masa abin da ni ya kamata in gaya masa a kan tabarmarmu. Na durƙusa na ce, "Malam, akwai maganar da na riƙe."

Ya ce mi ya faru. Na nuna masa layin da yatsa, na faɗa masa ma'anarsa. Ya ƙura wa layin ido. Can ya ce in karanta masa kalmar yadda take, da Turancinta. Na karanta.

Ya rufe ido. "Sitanda," in ji shi a hankali. "Ai kalmarmu ce ta gareji, Malama. Injin da ba a taɓa ba, yadda ya fito daga kamfani, shi muka cewa sitanda. Da kin faɗe ta hakanan ran farko, da na gane."

Wato kalmar da na yi wa ado da Hausa don ya ga na yi karatu, ya fi ni saninta. Ina cikin jin wannan sai ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na so in rage, amma ban iya ba. Na ce wata uku.

"Kuskuren karatu kowa na yi," ya ce. "Amma wata uku kina kawo mani ruwa kina kallona?"

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya fita ya ja yayansa gefe, ban ji abin da ya faɗa masa ba, na dai ga mutane suna watsewa ɗaya-ɗaya. Sai ya loda galan-galan ɗin, ya shiga motar shi kaɗai, ya tayar.

Yinin ranar cur yana kan hanya. Ya nufi Safana, ya wuce har Babban Duhu, ya juyo, ya ratsa ta bayan gari ya sake komawa. Duk dawowa muna jin rurin injin tun daga nesa, ya ƙaru, ya wuce, ya dushe. Daga baya wani makiyayi ya ba da labarin ya gan shi ya tsaya a gindin tsamiya ya yi azahar, ya ɗura fetur, ya ci gaba. 'Yarmu, da ta shekara shida a lokacin, ta kafa kanta a bakin zaure tana tafi duk sanda ya gifta. Ita ba wanda ya gaya mata an fasa komai. Ni kuwa ina zaune da carbi, ba na ja, ina sauraron ko ƙarar za ta yanke a wani kwazazzabo. Duk sanda ta yi jinkiri sai in ce na kashe shi.

Ana kiran magariba ya shigo da ita ƙarƙashin darbejiya ya kashe. Ya jima bai fito ba. Da ya fito idonsa ja wur, jan ƙasa har cikin gemunsa. Ya buɗe gaban motar, ya sa tsumma ya kwance murfin langata daga kan kafireta, ya yi baƙi, da huda a tsakiya. Ya miƙo mini ya ce, "Ga murfinki. Ta jure." Ya wuce ya yi alwala.

Bai taɓa shiga wani tsere ba har ya koma ga Allah. Ya yafe mini, amma sai da damina ta faɗi kafin ya sake kirana Malama, kuma hasken nan na idonsa bai dawo duka ba. Akushi ta zauna a bayan gida har kaji suka mayar da ita wurin ƙwai. Murfin yana cikin adakata tare da ƙamus ɗin.

Abin da na koya shi ne, idan ban tabbatar da magana ba in isar da ita yadda na same ta, kada in yi mata kwalliya. Na kuma gane shirun da na kira tausayinsa, rabinsa tsoron kunyata ne, kuma kowace rana da na ƙara a kai nauyi na ƙara wa mutumin da nake cewa ina tausaya wa. A yammacin nan ina tsaye da murfin a hannu, na rasa inda zan sa kaina, sai 'yarmu ta zo ta ja mini zane, fuskarta cike da murna, ta ce, "Inna, Baba ne ya zo na ɗaya, ko? Ni dai ban ga kowa a gabansa ba."