Tsagar da Ta Zaunar da Jirgin Feshi

Shekarun baya can, Turawa ba su kai ga tafiya ba, ina aikin ƙarfe a ma'aikatar En'e ta Haɗeja. Ɗan maƙera ne ni, ban yi boko ba, ido kawai Allah Ya ba ni. A shekarar tsuntsun jan-baki ya sauko wa fadama daidai lokacin da dawa ke nuna, aka turo ƙaramin jirgin sama ya yi musu feshi.

Doka ce, jirgin nan ba ya tashi sai an duba fukafukan farfelarsa kowace safiya. Makanikensa ya kwanta zazzaɓi, aka ce ni in riƙa dubawa. A shafa kananzir, a goge tas, a barbaɗa garin alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige ciki zai dawo ya zana layi. Ranar farko har da karkata hula, wai ni ne mai duba jirgi.

Rana ta huɗu layi ya fito a gindin fiffike ɗaya, siriri kamar gashin wutsiyar doki. Na goge na sake, ya sake fitowa. Na nuna wa Baturen da ke tuƙi, ya ce jirgi ya zauna ke nan sai an kawo sabuwar farfela daga Kano.

Abokina, wanda gonarsu ke jikin ta mahaifiyata, ya ja ni gefe.

"Kai wane irin mutum ne? Da ka sa yatsa ka share, wa ya gani? Ai ba ubanka zai hau ba."

Na ce, "In ya tashi, a kan wa yake shawagi? Ba a kan masu korar tsuntsu ba?"

"Allah ke tsarewa, ba allinka ba."

Kwana tara aka yi kafin jirgin ƙasa ya sauke farfelar a Malam Madori. Kafin nan tsuntsu ya gama da mu, zangarniya duk ta koma ƙaiƙayi. A kasuwa ina wucewa ana "ga mai alli". Mahaifiyata tambaya ɗaya ta yi mini: "Ka tabbata ka gani?" Na ce, "Na gani, Inna." Dawar ƙaninta ta Jahun muka ci har damina.

Har yau abin yana ƙona mini rai. Da na share layin nan farfela ta ɓalle a kan mutane, ni za a fara nema. Da na hana, ba gawa ba jana'iza, sai aka rasa abin da za a gode mini a kai. Har abokina ya rasu muna gaisawa, amma duk wanda ya tambaye shi shekarar, cewa yake yi, "Shekarar da wannan ya ba wa tsuntsu dawarmu." Kuma a gaban ɗansa yake faɗa, wanda a safiyar da na ga tsagar yana tsakiyar gona yana kaɗa gwangwanin korar tsuntsu.