Yadda Goggo Ta Yi Surfe a Jami'a

Ana idar da sallar asuba muka nufi tasha a Gombe, ni da Goggo, ƙanwar mahaifina, da wata jakar buhu da ta cika da kuka da daddawa kamar a Yola ba a miya. Bari in gaya muku abin da ya fitar da mu. Goggo a Mubi ta yi zaman aure. A can, in ana biki a unguwa, ita ake aika a kira ranar daka, domin gwana ce a lugude, irin wanda ake cilla taɓarya sama a tafa kafin a cafe, ga kuma waƙa a bakinta. Shekarar da 'yan ta'adda suka shiga garin ta fito da ƙafa, mijinta bai fito ba. Tun da ta dawo hannunmu, sama da shekara goma ke nan, ba wanda ya ji ta rera ko baiti ɗaya. Maganar ma sai ta kama dole.

Ƙanwata tana karatu a wata jami'a a Yola. Suna da wata Asabar da suke buɗe ƙofa ga mutanen gari, kowa ya shigo kyauta ya kalli zane da rawa da wasan kwaikwayo. Ita ta kai wa malamar da ke shirya abin labarin Goggo, malamar ta ce don Allah a kawo ta. Mun yi lallami har bakinmu ya bushe. Abin da Goggo ta ce kawai shi ne, "In je in gani." To, da wannan 'yar kalma na biya kuɗin mota, wanda wallahi ya kusa ninka abin da na sani bara.

Daga Kumo zuwa Billiri hanya da sauƙi. Duwatsun Kaltungo sun yi shar, don damina ta zauna. Bayan nan ne direba ya fara rawa da sitiyari, ya kauce wa rami ya faɗa cikin yayansa. Shingayen jami'an tsaro suna nan, amma ba kamar da ba, lokacin da sai kowa ya sauko ya ɗaga hannu ya wuce da ƙafa. Yanzu leƙe ne da gaisuwa. A Numan masu rake da masu busasshen kifi suka yi wa motar ƙawanya. Na taya wani ƙullin kifi, mai shi ta faɗi kuɗi, na ce mata ni kifi na ce, ba kwalekwalen ba. Duk motar aka yi dariya ban da Goggo, wadda ta zuba wa kogin Binuwai ido har muka gama haye gada.

Jimeta ta tarbe mu da zafinta. Mutumin Gombe yana ganin ya san rana, to ya zo nan a koya masa. Muka hau keke zuwa Makama, cikin Yola, inda wani abokin mahaifina ya sauke mu. Mai keken ya juyo ya ce wa Goggo, "Mama, kai gyara zama," na ga ta waiga tana neman namijin da ake nufi. Haka Hausar nan take, kuma kowa na fahimtar kowa. A masauki aka kawo mana dakkere da kindirmo mai sanyi. Na sha har na ji kunyar kaina, na ƙara.

Washegari da la'asar muka isa jami'ar. An wangale ƙofa, amma sai na lura da wani abu. Masu keke da mata masu sayar da abinci da yaran unguwa sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa da ƙarƙashin bishiyoyi, kaɗan ne ke ƙarasawa ɗakin taron. Shekarun da aka yi ana caje mutum kafin ya shiga ko'ina sun koya wa talaka tsayawa daga nesa. A ciki kuwa abin sai wanda ya gani. Zanen ɗalibai a jikin bango, ciki har da na wata mata ɗauke da katifa a kai da na kasa daɗewa a gabansa. Wasu 'yan rawa daga wajen Numan suka girgiza dandamali, wani dattijo Bafulatani ya busa sarewa, ɗalibai suka yi wasa a kan mai gidan haya, muka sha dariya.

Sai aka kira Goggo.

Ɗaliban sun yi ƙoƙari. Sun samo turmi sabo fil da taɓare uku, sun ɗora a kan kafet, sun kafa abin magana a gefe. Goggo ta hau, ta leƙa cikin turmin, ta ɗago ta ce, "Ina hatsin?" Ashe dokar ɗakin ta hana shiga da abinci ko ruwa saboda kafet da na'urori, sai yaran suka ɗauka za ta riƙa buga turmin haka nan, a samu sauti. Ni kuma da kaifin basirata na matso na raɗa mata, "Goggo, ki ɗan kwatanta kawai mana." Ta yi mini wani kallo da har yanzu in na tuna sai na gyara zama.

"A gidan uban wa ka ga an daka turmi wofi?" in ji ta. "Yunwa ake kira. Ni na ga yunwa, ba zan kira ta da hannuna ba."

Ta sauko ta nufi ƙofa. Ba kunyar taron ce ta dame ni ba. Na san in ta fita haka, ta rufe bakin nan ke nan har kabari. Ƙanwata kuwa tuni idonta ya kawo ruwa.

Malamar ce ta cece mu, Allah ya saka mata. Ba ta tsaya jayayya da doka ba. Ta tuɓe takalmanta masu tsini, ta kama bakin turmin ta ce wa ɗalibai su kama mata, sannan ta kira Goggo da sunan da Fulani ke kiran uwa, ta ce, "Dada, ki yi haƙuri, mu ne muka kai shi inda ba wurinsa ba." Aka mirgino shi waje har gindin wata darbejiya. Saura hatsi. Wata mai sayar da kunu a bakin ƙofa, 'yar Numan, da sarƙar gicciye a wuya, ta ji abin da ake nema. Ta kwance ƙullin geron da ta sayo don kunun gobe ta kawo, ta ce, "Mama, ga gero, amma kai surfa mini da kyau, in ba haka ba zan yi fushi."

Goggo ta zuba geron, ta yayyafa ruwa, ta cuɗa da hannu. Ta ɗaga taɓarya ta sauke. Ta sake. Da farko daka ne kawai, kanta a sunkuye. Mai kunu ta ɗauki taɓarya ta biyu ta shiga. Wata tsohuwa daga cikin 'yan kallo ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta ɗauki ta uku. Da bugun ya daidaita, ɗaya na sauka ɗaya na tashi, sai na ji wata murya can ƙasa, a dushe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba:

"Gero ɗan gida, ka gane hannuna?
Na daɗe a hanya, ban mance ka ba."

Muryar ta washe, ta hau. Goggo ta cilla taɓarya sama, ta tafa sau biyu, ta cafe, wurin ya kaure da guɗa. Waɗanda suka ƙi shiga ɗakin taro duk suka matso, na cikin ɗakin suka fito, har masu gadi. Ta shiga kiran maƙwabtanta na Mubi ɗaya bayan ɗaya a cikin waƙa, masu rai da waɗanda suka rasu, mata suna amsawa. Da ta zo kan mijinta ba ta kira sunansa ba, ta ce "mai rumbuna". Wata mata a bayana ta fashe da kuka. Ni ma na yi, ba zan ɓoye muku ba, da gemuna da komai. Mata suka riƙa karɓar taɓarya hannu da hannu har geron ya wuce surfe ya kusa zama gari. Mai kunu ta duba ta ce an rage mata kuɗin inji.

Da safe muka kamo hanyar gida. Wadda ta zo shiru ita ce ta hana motar sakat. Ta yi wa direba faɗa a kan gudu, ta ba wata amarya shawarar da ba ta nema ba, a Numan kuma ta kama mai kifin nan da ciniki har matar ta ce a ɗauka don Allah a tafi. Kafin la'asar mun shiga Gombe lafiya.

Abin da na koyo shi ne, buɗe ƙofa ba ya isa. Wani sai ka ɗauko turmin ka fito masa da shi inda zai iya tsayawa. Na jinjina wa mutanen jami'ar nan da suka gane haka ba tare da girman kai ba.

Ina sauke kaya a tsakar gida Goggo ta kira ni. Ta ce, "Kai, na tambayi direban nan, ya ce motar Mubi kullum tana tashi. In an yi girbi ka shirya. Zan je in ga gidana."