Gemuna da Kabar Giwar Kaka

Gashi uku ne a haɓata. Na ƙirga su da safe, na ƙirga su da yamma, na sa ƙanwata ta haska da fitilar waya ta ƙirga, uku ne dai. Ɗaya daga cikinsu ma ina zargin na gira ne ya ɓace hanya. Halin da nake ciki ke nan a bazarar bara, ina ɗan shekara goma sha shida, lokacin da na kusa hallaka abu mafi daraja a gidanmu.

Sunan kakana aka sa mini, wanda ya rasu tun kafin a haife ni. Kaka kuwa, mahaifiyar babana, ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, yana raye ko bayan ransa, saboda haka ni ma ba ta iya kiran sunana. Maigida take ce mini. Tun ina rarrafe ni ne Maigida. Idan na dawo daga makaranta sai ta ce, "Ga Maigida nan ya shigo hannu biyu, ko tsire babu." Ni kuma in ce, "Tsohuwa, da wane haƙorin za ki ci tsiren?" Duk gidan nan babu mai izinin yi mata irin wannan magana sai ni. Babana da kansa sai ya cire takalmi ya durƙusa kafin ya gaishe ta.

Da na fara tasawa sai ta sami sabon makami. "Wai wane irin maigida ne wannan, haɓa sumul kamar bayan cokali? Na farkon gemunsa har ƙirji."

A ƙofar ɗakinta akwai wata tsohuwar randa mai fasasshen baki, cike da ƙasa. A ciki akwai shukar da mu yara muke kira alobera, ita kuma take kira kabar giwa. Ganyenta masu kauri ne, da ɗigo-ɗigon fari, gefensu da ƙaya kamar zarto. Kakana ne ya zo da ita zamanin da yake fataucin dabbobi, ya shigo da ita ta kan iyakar Kwangwalam a aljihun babbar riga, tana ƙarama kamar ɗan yatsa, ya ba Kaka ta dasa. Sau ɗaya a shekara takan fitar da doguwar sanda mai jajayen furanni, ranar nan kuwa har maƙwabta Kaka take aikawa a kira su zo su gani. A gefen randar take shimfiɗa tabarma kowace safiya ta ja carbi. Ba a yankar ganyen sai wani ya ƙone da wuta, shi ma sai Kaka ta duba ƙunar ta tabbatar ta cancanta.

Golan ƙungiyarmu ta ƙwallo ne ya jefa ni cikin masifa. Shekara ɗaya kacal ya ba ni, amma yana da saje da gemu kamar mai 'ya'ya huɗu. Wata rana bayan atisaye na ja shi gefe na tambaye shi sirrin.

"Alobera," in ji shi. "A waya na gani. Ka shafa ruwanta safe da yamma, sati biyu sai ka nemi mataji."

Ban tsaya na tuna cewa a gidansu hatta jarirai da gashi a kunne ake haifarsu ba.

Ana cikin haka yayata da ke aure a Mashi ta haihu, aka ce Kaka za ta je ta yi mata wankan jego, sati uku. Ranar tafiya, bayan an ɗora kayanta a mota, ta kira ni bakin randa.

"Maigida, ga amana. Moɗa ɗaya, ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. Ba ƙari."

"Moɗa ɗaya a wannan zafin? Tsohuwa, rowar taki har da ruwa?"

"Ita ba irinku ba ce, ba ta da kwaɗayi. Ka dai ji abin da na ce."

Motar ba ta kai bakin titi ba na ɗauko reza.

Ganye ɗaya na yanka, daga baya, ta wajen bango inda ido ba ya kaiwa. Wani ruwa rawaya mai wari ya fara tsiyaya, ban jira ya gama ba na lafta shi a haɓa har wuya. Kaɗan ya shiga bakina. Na sha maganin zazzaɓi iri-iri a rayuwata, na taɓa tauna ganyen darbejiya a kan gardama, amma ranar na san cewa duk wasa ake yi. Har la'asar ina shan sukari ina jin ɗacin.

Da abin ya tsaya a kaina da sauƙi. Amma bakina ba ya riƙe magana. Washegari 'yan bayan ƙungiyarmu huɗu suka biyo ni gida. Jibi 'yan tsakiya. Kafin Juma'a har 'yan benci, waɗanda ba su taɓa taka leda a wasa ba, sun zo neman rabonsu. Ni kuwa na zama babban mutum. Ina zaune a kan turmi ina yanka ina rarrabawa, ina ba da ƙa'idar shafawa kamar wanda ya yi karatun abin a ƙasar waje. Duk unguwarmu samari suna yawo da haɓa tana ƙyalli, ƙudaje na binsu.

Ranar Asabar Umma ta tsaya a gaban randar da tsintsiya a hannu. Shukar da ta cika bakin randa ta koma ganye biyar a tsakiya, sun miƙe sama kamar masu neman agaji.

"Me ya sami shukar Kaka?"

"Akuyar maƙwabta ce, Umma."

"Akuyar da ke yanka da reza?" Ta dube ni, ta dubi haɓata. "Ni dai babu ruwana. Saura sati biyu ta dawo, kai da ita."

A nan ne na yi tunanin da har yau nake mamakin yadda ya yi mini daidai a lokacin. Na ce da kaina, ai na san noma. Kowace damina ina bin babana gona. Gero idan ya ji ruwa, kwana bakwai ya canza kama. Abin da ya hana wannan shukar girma shi ne moɗa ɗayar nan ta Kaka. Shekara da shekaru ana azabtar da baiwar Allah da ƙishirwa, yanzu Allah ya kawo mata mai tausayi.

Na fara da bokiti ɗaya da safe. Na ƙara ɗaya da azahar, saboda rana. Na ƙara ɗaya da yamma, saboda ban ga dalilin da zai hana ba. Na roƙo kashin awaki a maƙwabta na zuba mata, na bi da guntun ganyen shayi. Har rijiyar Kusugu na je da gora na ɗebo mata ruwa, na ce ko albarkacin tarihi za ta motsa. Mai kawo mana ruwa a kura ya tambayi Umma ko biki za a yi a gidan.

Sannan na lura da wasu 'yan ƙanana guda biyar da suka tsiro a gindinta, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba. Na ce lallai waɗannan ne ɓarayin, su ke cinye abincin uwar. A gona ma ai cire irinsu ake yi. Na tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya, na wurga su bayan tarin bulo da ke ƙarshen gida, na karkaɗe hannu.

Kwana biyar ganyen suka fara yin rawaya. Na ce alamar ƙishirwa ce, na ƙara bokiti. Kwana takwas suka yi laushi kamar dafaffiyar kuɓewa, wani wari yana tasowa daga randar. Haɓata kuwa ta yi ja, ta feso da ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi, har malamin lissafi ya tambaye ni ko rina ce ta harbe ni. Gashin nan uku suna nan yadda suke, sai dai yanzu a tsakiyar ƙuraje suke zaune.

Ana gobe Kaka za ta dawo ganyen suka kwanta gaba ɗaya. Na samo tsinken tsire guda biyar, na soka a ƙasa, na ɗaure kowane ganye da baƙin zaren ɗinkin Umma. Daga nesa, idan mutum ya runtse ido ɗaya kuma yana sauri, zai iya cewa shuka ce.

Da la'asar ta iso. Aka yi gaishe-gaishe, ta ba da labarin mai jego da jariri, ta sha ruwa, ta raba tsaraba. Ta dube ni ta ce, "Maigida, me ya ci maka haɓa?" Kafin in ƙago amsa ta miƙe ta nufi ƙofar ɗakinta.

Ta daɗe a tsaye. Ta sunkuya ta kama ganyen tsakiya da yatsu biyu, ba ta ma ja ba, shukar gaba ɗaya ta biyo hannunta, da tsinkayen da zaren, gindin ya zama baƙi ya narke. Ta sa yatsa a ƙasar, ruwa ya taso ya rufe shi. Na shirya jin faɗa. Na ma shirya amsoshi guda uku, ɗaya a ciki har da akuyar nan. Amma ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye abin a hankali a bakin randar, ta goge hannu da gefen zane.

"Yaron nan," ta ce, "ka ɗauke randar nan daga ƙofata."

Tunda nake ban taɓa jin ta ce mini yaron nan ba. Sai da na waiwaya in ga ko da wani take.

Babana da ya ji labari ya ce a miƙo masa bulala, Kaka ta ce a ƙyale ni. Da ta bari an yi, da na fi samun sauƙi. Kwana uku ina yaron nan. "Yaron nan, an kira salla." "Ku ba yaron nan abincinsa." Na gwada tsokanarta, na ce, "Tsohuwa, Mashi ta karɓe ki, har kin yi ƙiba." Ta ce, "Alhamdulillahi," ta ci gaba da jan carbi. Da safe takan fito da tabarma ta shimfiɗa a inda ta saba, kusa da zagayen da gindin randar ya bari a ƙasa, ta zauna tana kallon wurin.

Randar kuwa na ja ta ƙarshen gida na bar ta, don ban iya kallonta ba. A rana ta huɗu Umma ta ce warin ya ishe ta, in je in zubar da ƙasar. Na mirgina ta bayan tarin bulo, na durƙusa zan kife ta, sai na gan su.

Suna kwance a kan busasshiyar ƙasa inda na wurga su, sun fi sati biyu babu ɗigon ruwa, a zafin da ke narka takalmin roba. Biyu sun bushe ƙarau. Uku sun yamutse, sun koma ja-ja kamar kilishi, amma tsakiyarsu kore ne shar, ɗaya har ya tura wata 'yar farar saiwa cikin ƙasa.

Na kwashe su a hula. Kuma don a san irin kan da Allah ya ba ni, da ɗaya hannun bokitin ruwa na ɗauka.

Kaka tana kan tabarma. Na durƙusa, irin durƙuson babana, na ajiye hular a gabanta.

"Ajiye bokitin nan," ta ce. "Can nesa. Ƙara matsar da shi."

Ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da ido, ta juya shi, ta latsa tsakiyar da babban yatsa. Ta ɗauki na biyu. Shi ma ta latsa shi.

"A ina?"

"Bayan bulo. Ni na zubar da su. Na ɗauka su ke hana uwar girma."

"To Allah ya so su da ka tsane su." Ta jera su a kan tabarma. "Ganyen uwar fa, me ka yi da su? Ban son zancen akuya, uwarka ta riga ta gaya mini."

Na faɗa mata komai, da gola, da 'yan benci, da ruwan Kusugu. Ina kaiwa kan gemu na ga kafaɗunta sun fara motsi. Ta rufe baki da gefen mayafi, ta kasa, ta saki dariya har ɗankwalinta ya zame, har Umma ta leƙo daga madafa da muciya a hannu.

"Gemu," ta ce tana share ido. "Ai shi ma wancan da aka kawo ni gidansa haka haɓarsa take. Sai da aka haifi ubanka da ƙannensa biyu sannan ya fito."

"Amma kin ce har ƙirji."

"Daga baya. Kai ka tambaye ni yaushe?"

Ta sa na wanke randar, na kife ta a rana kwana biyu, na ɗebo yashi na gauraya da jar ƙasa. Ita ta dasa su da hannunta, ukun a jere, a busasshiyar ƙasa. Ta ce sati guda ba za su ga ruwa ba, kuma idan ta gan ni kusa da randar ko da yawu ne a bakina, a Mashi zan ƙarasa karatu. Duk wannan aikin, da "kai" da "ungo" da "miƙo" ta yi ta sarrafa ni. Yaron nan ya tafi, amma Maigida bai dawo ba.

Ranar Juma'ar da ta cika sati, na dawo daga masallaci na tarar da ita a tsaye a bakin randa. 'Yan ukun sun fara warwarewa, jan ya ragu, na tsakiyan ya ɗago kai. Na raɓe zan wuce ɗaki.

"Maigida," ta ce, ba tare da ta juyo ba. "Miƙo min moɗa."

Na cika ta har baki, na kawo da hannu biyu. Ta karɓa, ta dube ni, ta zubar da rabi a ƙasa, sannan ta ba su sauran.

Har yanzu aikina ke nan ranar Juma'a, ɗauko moɗa. Zubawa ba a yarda da ni ba tukuna. Gashin haɓata kuma ya zama huɗu, ko da yake Kaka ta sa tabarau ta duba ta ce na huɗun zaren hula ne.