Kocin da ya ci masa a falona

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Catford, a wani flat na council, wato gidan hayar gwamnati, hawa na biyu, ɗana na fari ya shiga wani wasa da har yau ban gama gane kansa ba. Ƙwallon Amurka ake ce masa, wanda ake sa kwalkwali da kafaɗun roba, a tsuguna fuska da fuska, a busa usur, sai a yi ta karo kamar raguna. Da ƙwallon ƙafa irin tamu ya fara, amma jiki ya yi masa yawa, don kakansa na wajen uba ya ɗauko, ga tsawo ga faɗi. Malamin motsa jiki na makarantarsu ne ya kai shi wata ƙungiyar matasa a nan kudancin London. Ni dai abin da na sani game da wasan shi ne taɓon da nake kankarewa daga kayansa duk Asabar. Ranar farko da na je kallo, sai da aka tashi na gane ashe abokan hamayya nake ta yi wa tafi.

Amma yaron ya iya. Aikinsa a fili shi ne ya tsare mai jefa ƙwallon kada kowa ya taɓa shi, kuma ba a cika wuce shi ba. Ɗan fari ne, kun san halinmu, ba na kiran sunansa, ba na yabonsa a gaban mutane. In aka ce min yaronki ya yi ƙoƙari, sai in ce ai sai dai cin tuwo. Yana shekarar ƙarshe kafin jami'a aka sa bidiyonsa a intanet, ya kuma je wani sansanin gwaji, daga nan waya ta fara ƙara. Jami'o'in Amurka ne, kowace tana cewa ya zo ya buga mata, ita kuma ta ɗauki nauyin karatunsa da masaukinsa da abincinsa.

A nan gidanmu ya rabu uku. Maigidana, direban bas ne, suna yake so, makarantar da in ya faɗa a masallacin Whitechapel bayan Juma'a za a gyaɗa kai. Ni tambayoyina ba su da yawa: akwai masallaci kusa, zai sami abincin halal, za a bar shi ya yi azumi, kuma wane karatu zai fito da shi ranar da gwiwa ta gaji? Shi kuwa yaron abu ɗaya ne a ransa, zai shiga fili ko benci zai ɗumama. Muka yi ta tankaɗe da rairaya har makarantun suka rage biyu. Ɗaya babba ce a kudancin ƙasar, filin wasanta kamar gari guda. Ɗayar ƙarama ce a can arewa, inda ƙanƙara take rufe ƙofa.

Kocin ƙaramar makarantar dattijo ne mai furfura, ba ya dariya. Ta bidiyo muka yi magana da shi. Ya dubi yaron ya ce, "Ƙafarka tana da nauyi. Shekarar farko ba za ka buga ba, koyo za ka yi. In ka jure, ta biyu ko ta uku wurin naka ne." Da aka kashe wayar maigidana ya ce, "Wannan neman yaro yake ko korarsa?"

Na babbar makarantar kuwa jirgi ya hau ya zo London. Ya zo har Catford, ya hau matakalarmu, ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba. Har gaisuwa ya koyo, ya ɗan rusuna ya ce min "sannu da gida, Mama." Tun asuba nake tsaye a kan tanda. Masa na toya da miyar taushe, ya ci da hannu, ya nemi ƙari, ya ce bai taɓa cin abu mai daɗi haka ba. Duk tambayar da na yi yana da amsarta. Masallaci yana nan kusa da ɗakunan ɗalibai. Azumi, akwai Musulmi a ƙungiyar, an san yadda ake yi da su. Sannan ya dafa kafaɗar yaron ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Daga yau ɗana ne. Ki ba ni shi amana."

Abu ɗaya ya nema. Takardar gaske sai lokacin sanyi ake sa mata hannu, haka dokarsu take, amma yana so yaron ya yi commit tun yanzu, wato ya fito ya sanar wa duniya cewa su ya zaɓa, ya kuma daina amsa wayar sauran. Maigidana ya tambaye shi, "To ku ma kun ɗaure kanku ke nan?" Ya buga ƙirji ya ce maganarsa ta fi takarda.

Yaron ya sanar. Ya kira dattijon nan na arewa ya ba shi haƙuri da bakinsa, don babansa ya ce ba a sallamar babba da saƙon waya. Ƙanwata ta haɗa walima a gidanta a Barking, mutanenmu suka cika falo har matakala, aka yi addu'a, aka ɗauki hotuna da hular makarantar a kansa. Ni ina kicin ina raba shinkafa, ina yi kamar abin bai dame ni ba, alhali zuciyata fari tas.

Bayan wasu watanni, wata rana da yamma ina yanka albasa, ya shigo kicin ya tsaya a bayana. Ya ce dattijon ya sake kiransa. Da Turanci yake min magana, ni ina amsa masa da Hausa, haka muke. Ya ce mutumin ya gaya masa wai ya ji babbar makarantar tana neman wasu a gurbinsa, kuma shi ƙofarsa a buɗe take zuwa ƙarshen wata, bayan haka dole ya ba wani.

"To kai me ka gani?" na ce.

"Umma, na riga na ba da magana."

Da babansa ya dawo daga aiki muka zauna. Ya ce alkawari kaya ne, amma a tambayi kocin babbar makarantar kai tsaye, kada a yi aiki da jita-jita. A gabanmu yaron ya kira shi, ya sa wayar a fili kowa yana ji. Kocin ya yi dariya har da tari. Ya ce masu hassada ne, haka ƙananan makarantu suke yi in sun rasa babban kifi. Ya ce, "Ka gaida min Mama, ka ce ina nan ina mafarkin abincinta." Washegari yaron ya sake ba dattijon haƙuri, karo na biyu.

Da sanyi ya kama, waya ta fara ja baya. Da kullum ake kiransa, aka koma sai in shi ya kira, aka koma ba a ɗauka. Yana cikin bas zai je makaranta ya gani a wayarsa cewa sun ɗauko wani ƙato daga wata jami'a, wanda ya riga ya goge, a daidai gurbinsa. Bai gaya mana ba. Sai ranar wata Asabar da rana, saura 'yan kwanaki a sa hannu, muna falo, wayarsa ta yi ƙara. Ba kocin ba ne, wani mataimakinsa ne da ba mu taɓa jin muryarsa ba. Ya ce lissafi ya canza, babu gurbi. In yana so ya zo da kuɗin gidansu ya gwada sa'arsa, suna maraba.

Abin da ya ƙona min rai ba maganar mutumin ba ce. Amsar ɗana ce. Ya miƙe tsaye kamar yana gabansa, ya ce, "Thank you, sir." Godiya ya yi masa. Ya ajiye wayar a hankali, ya shiga ɗaki, ya ja ƙofa. Tarbiyyar da muka yi shekaru muna ɗora shi a kai, ita suka taka suka wuce ta kanta, shi kuma yana ce musu an gode.

Maigidana ya ce, "Inna lillahi. A yi haƙuri, wani hani ga Allah baiwa ne."

Na ce, "Malam, haƙurin zan yi, amma sai na ji muryar kocin nan."

Ranar Litinin ina wurin aiki, a asibitin da nake kula da tsofaffi, na jira lokacin hutu na fita bayan gini inda ake ajiye kwandunan shara. Na san ba zai ɗauki lambar gidanmu ba, sai na ari wayar wata abokiyar aikina 'yar Filato. Ya ɗauka. Na ce masa ni ce matar da ya ci abincinta a Catford. Sai ya fara da wannan muryar tasa mai zuma, yana cewa ransa ya ɓaci ƙwarai, abin ya fi ƙarfinsa, daga sama aka yanke.

Na ce, "Lokacin da yaron ya kira ka a gabanmu ya tambaye ka, ka sani ko ba ka sani ba?"

Ya ce abubuwa ba su tabbata ba a lokacin.

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

Sai zumar ta ƙare. Ya ce, "Madam, wannan kasuwanci ne. Kowa ya san commit ba takarda ba ce. Da shi ma ya riƙe wata ƙofar a buɗe."

Ban san ina da Turanci haka ba sai ranar. Na ce masa kai ka ce ya rufe ƙofar, a falona, bakinka da man miyata. Na ce ka ajiye yaron mutane kamar tayar safaya, in wadda kake so ta samu ka jefar, in ba ta samu ba ka ɗaura. Na ce ko kiran ma ba ka iya yi da kanka ba, sai ka turo yaronka. Da Turancin ya ƙare na ci gaba da Hausa, kuma na tabbata ya fahimta. A wannan wayar na kira sunan ɗana cikakke, da ƙarfi, har sau nawa ban sani ba, na ce ya riƙe sunan nan da kyau. Ni da ban taɓa furta shi a gaban kowa ba. Abokiyar aikina tana tsaye a gefe baki buɗe. Ya kashe wayar tun ban gama ba, na ci gaba da yi wa kwandon shara faɗa.

Ba abin da kiran ya gyara. Ƙaramar makarantar ta riga ta ba wani gurbin, sauran kuma duk sun cika. Yaron ya goge hotunan walima daga wayarsa, ya daina zuwa Juma'a a Whitechapel, ya koma wani ƙaramin masallaci inda ba a san shi ba, don ya gaji da "a'a, ashe ba a tafi ba?" Wasu da tausayi suke tambaya, wasu kuwa kana ganin haƙoransu. Ya gama makaranta, ya kama aikin ɗaukar kaya a wani sito a Barking. Na ɗauka ya bar wasan ke nan.

Wata safiya na ji yana ɗaura takalmi tun gari bai gama wayewa ba. Ashe da kansa ya kira dattijon nan, ba don neman gurbi ba, ya ce masa kawai, ka gaya min gaskiya ban ji ba. Dattijon ya ce shi bai yi masa alkawarin komai ba, amma zai turo masa atisayen gyaran ƙafa, ya riƙa ɗaukar bidiyo yana aiko masa. Haka ya shekara, sito da rana, filin unguwa da sassafe, cikin ruwa da sanyi. Da shekara ta zagayo dattijon ya ba shi gurbi. Wannan karon ba walima, ba hula. Sai da aka sa hannu muka gaya wa ko ƙanwata.

Ya tafi can cikin ƙanƙara. Shekarar farko bai buga ba, kamar yadda aka faɗa masa. Daga baya ya buga, ya yi karatun gyaran gaɓoɓi, ya dawo. Bai zama shahararren ɗan wasa ba. Yanzu yana aiki a wani asibiti a nan London, ya yi aure, yana da 'ya mace mai cin tuwo kamar ubanta.

Mutane suna ce min ai ƙarshen ya yi kyau, me ya rage? Abin da ya rage shi ne shekarar nan da aka sace masa, da yadda ya koma yana sunkuyar da kai a hanya kamar shi ya yi laifi. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai aka ɗora wa nauyin cika alkawari, babban mutumin da ya karɓi amanarsa kuma ya ce shi kasuwanci yake. Har gobe ban yi nadamar koya wa ɗana riƙon magana ba. Sai dai yanzu in iyaye suka zo neman shawara, don an fara samun yaranmu a wannan harka, nakan ce musu su lura da wanda ya faɗi aibin yaronsu a gabansu, su kuma yi hattara da wanda bai ga aibi ko ɗaya ba.

Kwanakin baya maganar kocin nan ta taso muna cin abinci, na ji muryata ta fara hawa. Ɗana ya yi murmushi ya ce, "Umma, let it go. Ni fa na yafe masa tuntuni."

Na ce, "Kai ka yafe, Allah ya ba ka lada. Ni na bar shi da Allah."

Matarsa, wadda aka haifa a nan, ta ce ai duk ɗaya ne. Maigidana ya ajiye cokali ya girgiza kai, ya ce mata, "A'a, 'yata. Ba ɗaya ba ne."