Inda Muryar Inna Take Yankewa

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da kwamfutocin Gumel ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, wani abokina Kirista, mutumin Filato da ya daɗe a garin, ya sayo guda ɗaya mai ɗaukar sauti saboda waƙoƙin cocinsu. Ya ajiye ta a shagonsa na buga takardu. Ni kuwa a lokacin malamin firamare ne mai karambani, duk abin da ke da waya a jiki sai na taɓa shi.

Ana haka mahaifiyata ta zo daga ƙauyenmu da ke bayan Sule Tankarkar don a duba mata ido. Ita kaɗai ta rage da ta san yadda danginmu suka taso daga Damagaram, da wanda ya haifi wane. Kwana uku ina aika ƙanwata tana roƙon ta ta yarda a ɗauki labarin. Daga ƙarshe ta ce, "Ki gaya masa sau ɗaya zan faɗa. Ni ba rediyo ba ce."

Muka shiga shiri. Da mun jona makirufo sai wani ƙugi ya cika lasifika, kamar an rufe ƙudan zuma a tulu. Muka canja waya, muka kashe fanka, muka ja janareta can bayan shago, duk a banza. Sai na lura da wani maɓalli a jikin akwatin da ke tsakanin makirufo da kwamfuta. Ina murɗa shi, ƙugin ya ɗauke ɗif. Abokina ya ce, "Malam, ka san aikinsa kuwa?" Na ce aikinsa ke nan muna gani. Har yau ina tuna yadda na faɗi maganar ina gyara hula.

Washegari da hantsi Inna ta zo, ta zauna a tabarma. Da yake ni ne ɗan fari, ba za ta saki baki a gabana ba, sai ta ce kowa ya fita. Muka danna mata maɓallin ɗauka, muka bar ta ita da makirufo. Ta fi awa guda tana magana. Da la'asar ƙanwata ta sa ta a mota suka koma gida.

Da muka kunna, murya tas, babu ƙugi ko kaɗan. Amma tana yankewa. Inna za ta ce, "Shi kuma ya auri 'yar gidan..." sai shiru, sai kuma ta dawo a tsakiyar wata maganar. Mako guda muna fama. Muka ɗora wa janareta laifi. Muka ce kwamfutar ce ta cika, muka goge takardun mutane da ba mu da ikon gogewa. Muka kashe hoton kifayen nan da ke fitowa a allo idan an daɗe ba a taɓa ta ba. Ni da kaina na karanta littafin aji biyar a makirufo na rabin awa, ko harafi bai faɗi ba, na ƙara rikicewa.

Matar abokina ce ta gano. Ta kawo masa abinci, ta tsaya tana saurara, sannan ta ce, "Malam, mayar baya kaɗan." Na mayar. Ta ce, "Ba na'ura ba ce. Duba, duk inda Mama ta zo kan sunan mijinta ko na surukanta, nan take yankewa. Ai ba za ta ɗaga murya a wurin ba."

Shekara ashirin matar nan ta yi a Gumel. Ni a cikin al'adar aka haife ni, amma ban ji abin da ta ji ba. Maɓallin da na murɗa ba kashe ƙugi yake yi ba, ƙofa ce da ke rufewa idan sauti ya yi ƙasa. Ni da muryar aji nake gwaji, ƙofar a buɗe take. Inna kuwa duk inda kunya ta kama ta sai ta sassauta murya, ƙofar ta rufe, abin da ta faɗa ko isa kwamfutar bai yi ba.

Shi kuwa ƙugin, daga baya wani mai gyaran rediyo ya zo ya kafa ƙarfe a ƙasa, ya ɗaura masa waya daga jikin kwamfutar, ya zuba gawayi da gishiri da ruwa bokiti biyu, ya ce yashin garinmu ne ya bushe da yawa. Aikin bai kai rabin awa ba, ƙugin ya ɗauke.

Na je ƙauye, na sake aika ƙanwata. Inna ta ce, "Ai na faɗa." Ta yi shekaru a raye bayan haka, ba ta sake ba, ni ma ban matsa ba. Wasu sunayen na tsinto su a bakin tsofaffi a Maigatari, wasu sun tafi ke nan.

Tun daga ranar, idan abu ya dame ni ina neman inda ya fito, ba na neman abin da zai rufe masa baki. Ban cika jin zafin abin ba yanzu, sai wuri ɗaya. Wajen ƙarshen labarin ta zo kan 'ya'yanta. Ta ce, "Shi kuma wancan, na farin, abin da ban taɓa gaya masa ba..." Daga nan shiru, na kusan minti guda. Sai muryarta ta dawo tana cewa, "To, a zo a kashe abin nan."