Baba Safiyo ya tafi da hanyar ruwanmu

Da safen nan, ina riƙe da kofin koko ina shirin rubuta muku muhimmiyar maƙala a kan ɗabi'un masu cin ƙosai a tsaye, aka bugo mini waya cewa Malam Ummaru Safiyo ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzun nan muka dawo daga maƙabarta.

Zazzaɓi ne na kwana uku. Ba zan ce ruwan da ke kwance a bayan gidansa ne sanadi ba. Ajali ne.

Masu bibiyar wannan shafi sun san shi ko da ba su taɓa ganinsa ba. Shi ne dattijon da ni, da ikon da alƙalamina ya ba ni, na naɗa Wazirin Lambatu na Talata Mafara da kewaye. Ya yi ƙuruciyarsa yana awon magudanan noman rani a fadamun Bakura da Maradun. Da ya ajiye aiki, sai ya koma yawo a unguwa da sanda mai ƙugiya, yana zaƙulo leda daga cikin kwata, ba wanda ya sa shi.

Duk rubutun da na yi ina zolayarsa, sai ya shigo ƙarƙashinsa ya rubuta: "Allah shi ƙara basira, Marubuci." Shekaru na yi ina ɗaukar wannan a matsayin yabo.

Da katangar gidanmu ta tsage saboda ruwan indararon maƙwabcina, har na wasa harshe zan tafi wurinsa da jawabi mai sassa uku. Baba Safiyo ya riga ni zuwa. Ya juya bakin indararon mutumin da hannunsa, ya sha ruwa a gidansa, ya sha a namu, ya tafi. Har yau muna gaisawa da maƙwabcin.

Ga abin da ya shiga tsakanina da shi.

Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Maradun, mutanen Gidan Goga da Tsibiri suka yi ta shigowa garinmu, wasu da tabarma kawai. Wata Juma'a bayan an sallame, dattawan unguwa suka yanke shawarar a cike babban kududdufin da ke bayanmu da shara da ɓaraguzai, a yanka filoti, a ba baƙin sadaka. Haka muka saba samun fili a garin nan tun kakanni. Aka kafa kwamiti, aka ba ni sakatare saboda ingancin Hausata.

Mutum ɗaya ne ya miƙe.

"Jama'a, ban hana sadaka ba," in ji Baba Safiyo. "Amma ruwan unguwa ukku nan yaka kwana. In kunka cike wurin ga, ina za ya kwana?"

Wani Alhaji daga sahun gaba ya juyo ya ce, "Safiyo, bayin Allah ba su da wurin sa haƙarƙari, kai kana nema ma ruwa masauki?"

Aka yi dariya har da tafa hannu. Ya kawo shawarar a ba su tudun da ke hanyar Bakura. Masu filayen tudun suna zaune a wurin, kowa ya duƙufa da jan carbi.

Ni kuwa na dawo gida na rubuta muku labarin dattijon da ya fi tausayin kwaɗi a kan marayu. Ban taɓa yin rubutun da aka yaɗa kamarsa ba.

Muka cike kududdufin. Aka yi gini.

Daminar bara ruwa ya tsaya a lunguna har ƙauri. Ɗakuna biyu suka zauna. Rijiyar masallaci ta canja ɗanɗano, yara suka yi ta amai da gudawa. Kwamiti ya zauna, ya nazarci lamarin, ya tabbatar da cewa jarrabawa ce.

Bana gine-ginen sun ƙaru. A tsakiyarsu, inda kududdufin ya fi zurfi a da, akwai ɗakin ƙasa na Inna Hajo, wata dattijuwa daga Gidan Goga da aka kashe wa miji da ɗa a gona. Jikoki huɗu take kwana da su a ciki. Ni na rubuta sunanta a takarda, ni na nuna mata wurin, ta yi ta sa mini albarka har na ji kunya.

Makon jiya, bayan la'asar, Baba Safiyo ya yi sallama a ƙofar gidana.

"Marubuci, sa takalminka. Kai ka da jama'a, ni ba ni da kowa sai sandar ga."

Muka kama hanya. Ya ce tun yana aiki sun binne wani kwalbati a bayan unguwa, wanda ke kwashe rarar ruwan kududdufin ya kai shi fadama. Ƙasa ta rufe bakinsa, mutane sun yi gini a kai, gara kuma ta cinye taswirar. Idan aka tone bakin kafin ruwa ya sauka sosai, ɗakin Inna Hajo da na maƙwabtanta za su iya tsayawa.

Yana tafiya yana nuni da sanda.

"Duba nan. Baƙin ga an kore su daga gona, sun zo birni, ba sana'a sai sarar icce. Sun sare iccen tudu, ƙasa ta gangaro ta toshe kwata. Kwata ta toshe, ruwa ya shiga masai, masai ya shiga rijiya. Sannan ku ce likita bai da ƙoƙari. Kuna da kwamitin tsaro, kuna da na lafiya, kuna da na filaye, kowa da littafinai, ba mai leƙa na wani. Garin kau guda na."

Na ce, "Baba, wannan ai lacca ce ta jami'a. A ba ka kujera."

Ya ce, "A ba ni shebur dai."

A nan ne zan faɗi abin da ya sa na zauna rubutun nan.

Na bi shi ina lura da hanya har injin niƙan da ke ƙarshen layinmu. Daidai nan wayata ta yi ƙara. Wani ne ya ƙaryata ni a kan asalin kilishi, kuma mutum mai matsayi irin nawa ba ya barin irin wannan ta kwana. Na sunkuya ina ba shi amsa, ƙafafuna suna bin dattijo, ina ta cewa "ƙwarai, Baba, ƙwarai." Mun sha kwana sau biyu ko uku a lunguna. Na ji ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Nan na. Ka riƙe?"

Na ce na riƙe.

Da muka dawo daga maƙabarta ɗazu, na wuce kai tsaye wurin injin niƙan. Lungu uku ne suka rabu a wurin. Na shiga kowanne har ƙarshe. Duk katanga iri ɗaya ce, duk ƙasa iri ɗaya.

A hanyar komawa na tarar da Inna Hajo a ƙofar ɗakinta tana jera buhunan ƙasa. Ta yi mini gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali, ta yi mini ta'aziyya. Sannan ta ce, "Marigayi ya ce ya gwada maka wurin, Malam. Yaushe za a fara tono?"

Na ce mata gobe.

Don haka ina roƙo. Duk wanda ya yi aikin magudana tare da Malam Ummaru a Bakura ko Maradun, ko ya san tsohon leburan da ya sa hannu a binne kwalbatin nan, ya yi mini magana yau. Gobe da hantsi ina bakin injin niƙan da diga. Idan ba wanda ya sani, zan fara da lungun hagu. Tun azahar gabas ta yi baƙi.

Allah Ya jiƙan Baba Safiyo, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalansa haƙuri. Ni ban samu na roƙi gafararsa ba, Allah Ya yafe mini.

Wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ku haɗa da Inna Hajo da jikokinta, Allah Ya tsayar da ɗakinsu har mu gano wurin.