Tafintan da Ya Tsaya Tsakanina da Autata

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za a mayar da mu. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ina shago ina buɗe bayan wata tsohuwar rediyo, babban ɗanka ya kira ni a waya ya ce, "Baba, Malam ya cika." Na ajiye sukudireba a kan tebur, na zauna ina kallon wayoyin da ke cikin rediyon kamar ban taɓa ganin irinsu ba. Mun san kana jinya tun farkon shekara, amma sanin ciwo daban, jin mutuwa daban.

Ga wanda bai san ka ba: ka yi shekaru masu yawa kana aikin fassara a kotu, shi ya sa kowa ke kiran ka Tafinta har sunan ya danne na yanka. Da ka yi ritaya sai ka koma koyar da manya karatu da rubutu a ajin yamma. A can na same ka, ina da furfura a gemu, ban iya rubuta ko sunana ba. Hannun da ke wannan rubutu kai ka koya masa riƙon alƙalami. Amma ba don wannan kaɗai nake rubutawa ba. Akwai ranar da ran 'yata ya rataya a kan maganar da na kasa furtawa, kai ne ka tsaya a tsakaninmu. Ina so iyalinka su sani, domin na tabbata ba ka taɓa gaya musu ba.

Ajinmu na 'yan firamare ne da safe. Mu kan shiga bayan la'asar, mu cusa gwiwoyinmu ƙarƙashin tebura 'yan ƙanana, alli na tashi a cikin hasken taga. Ba ka zama a kujerar malami. Kai ma sai ka naɗe ƙafafunka a benci irin namu. Kana da wani gwangwani cike da tabarau da kake ajiyewa a bakin ƙofa, ba ka taɓa cewa komai a kansa ba. Ka gane cewa dattijo zai fi yarda a ce masa daƙiƙi da ya furta cewa idonsa ya yi rauni. Kowa ya shigo sai ya ɗauki wanda ya yi masa daidai, ya mayar in an tashi. Ni ma na ɗauka. Sai ga shi baƙaƙen da nake zagi ashe ba su da laifi.

Daga aji zumunci ya koma shagona. Shagon mai gyaran rediyo ba ya rabo da labarai, kuma inda labarai suke, musu na nan. Akwai dogon benci a bakin ƙofa. Mazaunansa na kullum su ne Kofur, tsohon ɗan sanda, da Direba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babbar hanya, sai kai a tsakiya da jakarka a cinya. In aka taɓo maganar 'yan sanda, Direba zai ce, "Ɗan sanda ko a mafarki ka gan shi, in ka farka duba aljihunka." Kofur zai ce, "To, ranar da ɓarawo ya haura maka katanga, ka kira yaron motarka." Murya ta fara hawa, har masu wucewa su rage tafiya.

A nan ne kake ɗaga hannu ka ce, "Tsaya, a fassara." Duka biyun Hausa suke yi, amma sai ka juya ga Kofur ka ce, "Direba ya ce an taɓa tsare shi a hanya ba laifin fari ba na baƙi, a gaban fasinjojinsa, kuma har yau abin na ci masa rai. Direba, haka ka ce?" In ya ce ba haka ba, ka sake, har sai ya yarda. Sa'an nan ka juya ka kai na Kofur. Wata rana Direba ya ce, "Malam, ka bar zagin da na yi masa." Ka ce, "Zagin na bar maka ajiya, ma'anar na kai."

Lokacin da ɓarayi suka addabi unguwa, aka yi makonni ana musu a kan ko kowane magidanci ya nemi bindiga. Direba ya ce a nema. Kofur, wanda ya yi rabin rayuwarsa da bindiga a kafaɗa, ya ce sam. Sai da ka yi ta kai da kawowa kafin muka ji abin da ke ƙasa: Direba 'yan mata uku gare shi a gida kuma yakan kwana a hanya, Kofur kuwa ya taɓa ɗaukar wani yaro zuwa asibiti, wanda ya tsinci bindigar ubansa ƙarƙashin katifa. Ba su daidaita ba. Har yau kowa na kan bakansa. Amma daga ranar Direba bai ƙara ce wa Kofur matsoraci ba, Kofur kuma bai ƙara ce masa mahaukaci ba.

Ra'ayinka kai kuwa, ba mu taɓa ji ba. In mun matsa, ka ce tafinta ba shi da ra'ayi a bakin aiki. Kofur ya ce, "To yaushe kake tashi daga aikin?" Ka ce, "Ranar da kuka daina musu."

Ni nawa abin musun shi ne zubar da ciki. Duk ranar da aka kawo zancen a rediyo, sai in ajiye aiki in miƙe tsaye. Nakan ce babu wani uzuri, duk wadda ta yi ta yi kisan kai, duk likitan da ya yi mahauci ne. Autata a lokacin tana makaranta. Tun rasuwar mahaifiyarta, in an tashe su sai ta zo shago ta zauna bayan kanta tana aikin gida. Ina ta ɓaɓatu, ban taɓa waiwayawa na ga ko alƙalaminta ya tsaya ba. Sau ɗaya ka fassara ni a kan wannan. Ka ce, "Mai Rediyo ya ce babu uzuri, ko da uwar ce za ta mutu. Haka ka ce?" Na ce, "Haka na ce." Ka dube ni, ka gyaɗa kai.

Auta ta girma, ta auri wani malamin makaranta mai hankali, ta sami ciki. Cikin bai yi nisa ba ta faɗi a ɗakin girki. A asibiti likitar ta zaunar da mu ni da mijin, ta ce zuciyar Auta na da lahani, ba za ta iya ɗaukar wannan cikin ba sai an yi mata aiki, kuma in aka bari ana iya rasa su duka biyun. Ta ce doka ta ba da dama a irin wannan hali. Mijin bai tsaya nan ba, ya je ya tambayi malamai masu ilmi, suka ce larura ce, ran uwa ake fara tsarewa. Sai Auta ta ce ba ta yarda ba. Aka tambaye ta dalili, ta juya fuska ga bango.

Na zauna a barandar asibiti a kan wata kujerar ƙarfe mai sanyi, ƙofar ɗakinta na kallona, na kasa shiga. Na ɗauka imaninta ne ya hana ta, ni kuwa wane ni in ce wa mutum ya sassauta imaninsa? Ga kuma nauyin da ke tsakanin uba da 'ya a kan zancen ciki. Bayan azahar sai ga ka da jakarka. Ka gaishe ni, ka yi sallama ka shiga wurinta. Ka daɗe. Da ka fito ba ka zauna ba. Ka tsaya a gabana, hannuwa a baya, yadda na tabbata kake tsayawa a gaban alƙali.

Ka ce, "Ta ce: Baba ya ce wadda ta yi haka ta yi kisan kai. Ta ce gara ta mutu tana 'yarka, da ta rayu kana kau da kai in ka gan ta."

Na ce, "Malam, je ka lallashe ta."

Ka ce, "Ban iya lallashi ba. Faɗi, in kai."

Na ce ka gaya mata ta bi maganar likita. Ka shiga, ka fito, ka ce, "Ta ce ta likita ta ji tun jiya. Taka take tambaya."

Na kama hannun rigarka na ce, "Don Allah, yau kaɗai, kai me ka gani?"

Ka ce, "Ba ni take tambaya ba, Mai Rediyo."

Na saki hannun rigarka. Ana ta wucewa da marasa lafiya a kan keke, wata nas na kiran wani suna. Sa'an nan magana ta fito mini ba tsari. Na ce ka gaya mata waccan magana ta bakin benci ce, na yi ta ban san za ta shigo gidana ba. Na ce ka gaya mata na binne uwarta, ba ni da ƙarfin binne ta. Na ce ka gaya mata da rai nake son ta, ko me ta zaɓa.

Ka ce, "Wannan ba zan kai ba. In na ɗauke ta za ta huce a hanya. Ga ƙofa nan."

Na shiga. Abin da muka faɗa ni da ita ya tsaya tsakaninmu. Washegari ita da mijinta suka yanke shawara, su biyu, ba ni ba. Na yi kukan wancan jikan da ban gani ba, har yanzu nakan tuna shi. Kuma ba zan ce na sauya gaba ɗaya ba: har gobe ban ɗauki zubar da ciki abin wasa ba, in an kawo zancen nakan faɗi nawa. Sai dai yanzu kafin in ce "babu uzuri" a kan kowane abu, nakan tambayi kaina wa ke zaune bayan kanta yana ji.

Ba ka taɓa tayar da zancen nan ba, ko da wasa. Bayan wasu watanni aka sake kawo muhawarar a rediyo, Direba, wanda bai san komai ba, ya ce, "A'a, Mai Rediyo, yau batirinka ya mutu ne?" Ka ce, "Shiru ba a fassara shi," ka juya ka tambayi Kofur lafiyar ƙafarsa.

An yi wa Auta aikin zuciya, ta warke, aka ce ta jira, ta jira. Shekaru suka wuce har na daina sa rai a fili. Ranar Lahadin da ta gabaci rasuwarka, Allah Ya sauke ta lafiya, ta haifi 'ya mace mai cika hannu, mai murya kamar sabuwar lasifika. Malam, ban san tsoho na iya yin murna irin wannan ba. Na miƙa wa wani da ya zo karɓar gyara rediyon da ba tasa ba. Na bar shago a buɗe, sai Kofur ne ya rufe mini. Na gaisa da mutanen da ban sani ba a hanya ina gaya musu na yi jika, suna taya ni murna suna dariya.

Daga asibiti gidanka na wuce. Na same ka kwance, ka rame, maiɗakinka na yi maka fifita. Na kai hoton jaririyar da ke wayata kusa da idonka. Ka daɗe kana kallo, sa'an nan ka ce, "Hancinka ta ɗauko. Allah Ya ba ta haƙuri." Na yi dariya har hawaye. Ka ce, "Uwar fa?" Na ce lafiya lau, har ta fara faɗa da mijinta a kan bai kawo zanen da ta ce ba. Ka lumshe ido ka ce, "Alhamdu lillahi." Ita ce kalma ta ƙarshe da na ji daga bakinka.

Ranar jana'iza Kofur da Direba suka ɗauki makara kafaɗa da kafaɗa. A hanyar dawowa suka so su fara musu a kan ɗan sandan da ya tsayar mana da motoci muka wuce, sai duka biyun suka waiwaya tsakiyarsu, inda ka saba zama, suka fasa.

Allah Ya jiƙan ka, Malam. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi. Ka yi rayuwarka kana tsaya wa waɗanda bakinsu ya gaza; ranar da kowa zai tsaya shi kaɗai, Allah Ya sa ayyukanka na alheri su yi magana a madadinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka maza da mata, da jikokinka, da dukan tsofaffin da suka koyi baƙi a hannunka. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci abin da ya bari. Auta ma tana yi muku ta'aziyya; jego ne ya hana ta zuwa, amma ta ce da zarar ta miƙe za ta kawo muku jaririyar ku sa mata albarka.

Hajiya, ke kuma ina neman afuwa ta musamman. Na san a wurin zaman makoki kin ga fuskata tana haske a inda bai kamata ba, har na ciro waya na nuna wa na kusa da ni hoto. Na yi ƙoƙarin ɓoyewa, na kasa. Kada ki ɗauka rashin jimami ne. Wannan farin cikin da ya fi ƙarfina, mijinki ne ya tsaya a ƙofar wani ɗakin asibiti ya ƙi ɗaukar mini saƙo, har ya samu.